Likita ya ce a yi mini allura a cikin ido, mahaifiyata ta ƙi, mijina kuma yana so a jira

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 33, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma tun ina ƙarama nake sa tabarau saboda ba na ganin nesa. Ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa har ya kai -11 a idon dama da -10 a na hagu. Makonni uku da suka wuce ina cike rajistar ɗalibai sai na ga layukan takardar sun lanƙwashe, da na rufe idon hagu kuma sai na ga wani duhu-duhu a tsakiyar duk abin da na kalla. Likitan ido ya ɗauki hoton bayan idon, ya ce wasu jijiyoyin jini ne suka tsiro inda bai kamata ba suna yoyo, kuma maganin shi ne allura a cikin ƙwayar idon, wataƙila fiye da sau ɗaya. Ya kuma ce kada in ɗauki ciki a tsawon lokacin. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba, domin mahaifinta ya makance ne bayan wani mai maganin gargajiya ya soka masa allura don ture yanar ido. Ta kawo mini kwalli da wani ruwan ɗigawa. Mijina bai hana ba, amma shekararmu 7 da aure 'yarmu ɗaya, bara na yi ɓari, danginsa kuma sun fara magana. Ya ce tun da ɗayan idon yana gani, me zai hana a bari sai na samu ciki na haihu. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Ina tsoron allurar, ina tsoron saɓa wa mahaifiyata, ina kuma tsoron abin da jinkirin haihuwa zai jawo mini a gidan aure. Mene ne mafita?

Wata 'yar uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya, Ya kuma mayar miki da alheri a kan rashin da kika yi bara. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar makonni uku da kika ambata, domin a cikin duk abubuwan da suka haɗu miki, wannan ne kaɗai ba ya jiran kowa. Mahaifiyarki za a iya lallashinta, maigidanki za a iya fahimtar da shi, kuɗi ana iya haɗa shi, amma jijiyar da ke yoyo a bayan idonki tana aikinta ne dare da rana. Shawarata tun daga farko ita ce ki koma wurin likitan a cikin wannan makon, ki yarda a yi allurar. Ban duba idonki ba, don haka maganarsa tana gaba da tawa, amma abin da kika ce ya faɗa miki shi ne abin da likitocin bayan ido suka haɗu a kansa a ko'ina.

Bari in bayyana miki abin da ke faruwa, domin wanda ya fahimci ciwonsa ya fi iya kare matsayinsa a gaban dangi. Ƙwayar idon babban mutum tsawonta daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. Wanda ƙarfin tabaraunsa ya kai -6 ko ya wuce, galibi idonsa ya zarce milimita 26, naki kuwa da ya kai -11 da alama ya wuce haka nesa ba kusa ba. Idan ido ya yi wannan tsawon, shimfiɗun da ke bayansa sai su miƙe su yi siriri, kamar yadda fatar ganga take yi idan aka ɗaure ta fiye da kima. A can ne tantanin gani yake, wanda likitoci ke kira ratina, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wuri mai suna makula, wanda da shi kike karatu, da shi kike gane fuskar mutum, da shi kike zura zare a allura. Ƙarƙashin ratina akwai wani siririn bango da ya raba ta da shimfiɗar jijiyoyin jini. Idan miƙewar ta yi yawa bangon yana tsagewa, sai sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su bi ta tsagar su kutsa ƙarƙashin makula, su riƙa tsiyayar da ruwa da jini. Ruwan ne ke ɗaga ratina daga mazauninta, shi ya sa layukan rajistarki suka lanƙwashe. Wannan yana samun tsakanin kashi 5 zuwa 11 cikin ɗari na waɗanda tsawon ido ya fara yi wa bayan idonsu lahani, yakan zo wa mutane tun ba su kai shekara 50 ba, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Karatu bai jawo miki shi ba, tabarau ma bai jawo ba, sabon tabarau kuma ba zai gyara shi ba.

Daga nan ne zan taɓa maganar maigidanki ta cewa a jira. Na fahimci inda ya dosa, kuma ban ɗauke shi mugu ba, domin mutumin da danginsa suka sa a gaba da maganar haihuwa yana ɗauke da nasa nauyin, ga shi kuma idon da ake magana a kai daga waje lafiya lau yake, ba ja ba kumburi. Sai dai lissafin nasa ya tsallake abu biyu. Likitoci a Japan, inda wannan matsala ta yi yawa, sun bi masu irin ciwonki na tsawon shekara 10 a lokacin da babu wannan allurar, sai suka tarar fiye da kashi 90 cikin ɗari ganinsu ya faɗi har ba sa iya karanta komai a allon gwaji sai babban harafin sama, wasu ma ko shi ba sa gani. Dalili shi ne jijiyar idan aka ƙyale ta tana bushewa da kanta daga baya, amma tana barin tabo, naman da ke kewaye da tabon kuma ya yi ta ƙanƙancewa yana mutuwa, kuma babu allurar da ke tayar da abin da ya riga ya mutu. Samun ciki da rainonsa da haihuwa da jego za su ci kusan shekara guda, ko da an samu cikin gobe. Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ɗayan idon da yake dogaro da shi: a wani binciken na Japan, kusan mutum 1 cikin 3 da ciwon ya kama ido ɗaya ya kama musu na biyun a cikin kimanin shekara 8. Ba ina nufin in tsorata ki ba ne, domin mutum 2 cikin 3 hakan bai same su ba, amma ba hikima ba ce a sallama idon dama alhali na hagun ma -10 yake.

Allurar kuwa, abin da take yi mai sauƙin fahimta ne. Jiki yana da wani sinadari da ake kira VEGF wanda ke umartar jijiyoyin jini su tsiro, maganin kuma yana kama wannan sinadarin ne ya ɗaure shi, sai sabuwar jijiyar ta ƙanƙance, yoyon ya tsaya, ruwan ya janye. A babban gwaji mai suna RADIANCE da aka yi wa Lucentis, ɗaya daga cikin magungunan wannan allura, wanda ya ƙunshi mutum 277, waɗanda aka yi wa allurar sun ƙaru da kimanin haruffa 14 a allon gwaji bayan shekara guda, wato kusan layi uku, kuma a tsaka-tsaki allura 2 zuwa 4 kawai suka buƙata a duk shekarar. Gwajin MYRROR da aka yi wa Eylea, wani maganin irinsa, a ƙasashen gabashin Asiya ya nuna ƙarin kimanin haruffa 12 cikin wata 6, alhali waɗanda ba a yi wa ba ganinsu raguwa ya yi. Wannan adadin allurar yana da muhimmanci ga aljihunku, domin wataƙila kin ji labarin tsofaffi ko masu ciwon suga da ake yi wa irin wannan allura wata-wata har shekaru. Ciwonki ya bambanta da nasu: jijiyar takan zama ƙarama, takan kuma ji magani da wuri, shi ya sa tsarin da aka fi bi shi ne a yi allura ɗaya, a riƙa duba ki duk wata da hoton bayan ido da ake kira OCT, ba za a ƙara ba sai an ga ruwan bai janye ba ko ya dawo. Kafin zuwan waɗannan magunguna ana ƙona jijiyar da hasken leza, amma tabon ƙunar yakan faɗaɗa a idon da ya miƙe. Daga baya aka koma wani magani mai suna Visudyne da ake sawa ta jijiyar hannu a haska shi, wanda ke rage saurin lalacewa amma bai cika dawo da gani ba. Idan wani ya kawo miki maganar leza a matsayin hanyar guje wa allura, ki san cewa baya aka koma.

Tsoron allura a ido tsoro ne na halak, kuma ban taɓa jin wanda aka gaya wa haka ya yi murna ba. Amma ga yadda abin yake: za a ɗiga miki maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin, a sa ɗan ƙarfe mai riƙe fatar ido don kada ki ƙifta, sannan a shigar da allura siririya ta farin idon, can gefe, nesa da baƙin da kike gani da shi. Maganin bai fi ɗigo ɗaya ba, sokawar kuma daƙiƙu kaɗan ce, yawancin mutane danna kawai suke ji, kuma a ranar za ki koma gida. Kwana ɗaya ko biyu za ki iya jin kamar yashi a idon, ki ga ɗigon jini a farin, ko ɗan baƙin abu yana yawo a ganinki, duk waɗannan suna wucewa. Haɗarin da ake tsoro da gaske shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin idon, abin da ke faruwa ƙasa da sau 1 a allura 1,000 idan an kiyaye tsafta. Alamarsa ita ce ciwo mai ƙaruwa, ja mai tsanani da raguwar gani a kwanakin farko, kuma idan kin ga haka a ranar ake komawa asibiti, ko da dare ne, ko ranar hutu ce. Idan kin taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, ko jikinki ba ya karɓar aidin, ki faɗa wa likita kafin a fara.

Yanzu ga Hajiya, mahaifiyarki. Ina roƙonki kada ki ɗauki maganarta a matsayin jahilci, domin abin da ta gani da idonta gaskiya ne, kuma ba mahaifinta kaɗai abin ya samu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, masu turewa na gargajiya ne suka yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanun a makance aka same su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da take buƙata shi ne ta ga bambancin, kuma baki kaɗai ba zai nuna mata ba. Mai turewa yana cusa ƙarfe ne ya karya abin da ke riƙe da madubin da ke cikin ƙwayar ido, wanda yana ta rufe, ya tura shi ciki, ba tare da tsafta ba, ya kama hanyarsa zuwa wani gari; likitanki kuwa ba zai taɓa madubin ba, ɗigon magani zai ajiye, kuma gobe yana nan a ofishinsa. Ki nemi rakiyarta zuwa asibiti, ki roƙi likitan ya nuna mata hoton bayan idonki da kumburin da ke ciki, idan da hali kuma ta zanta da wani da aka yi wa allurar yana zaune a layi. Idan akwai wani babba da take jin maganarsa, kamar ɗan uwanta ko malamin da take girmamawa, ki fara bi ta wurinsa. Ki ce mata addu'arta kike nema kafin ki shiga da bayan kin fito, domin uwa idan aka ba ta abin yi a cikin lamarin, tsoronta yakan ragu. Ruwan ɗigawar da ta kawo kuwa, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, amma kada ki sa shi a ido. Ciwon yana can bayan ƙwayar inda babu abin ɗigawa ko kwallin da ke isa, abin da ba a san haɗinsa ba kuma yana iya ƙona gaban idon ko ya kawo ƙwayar cuta, har ya sa a ɗage allurar. Idan bayan duk wannan ba ta sauko ba, ki je a yi, ki ci gaba da kyautata mata. Ina kyautata zaton fushinta ba zai kai tsawon baƙin cikin da za ta yi ba idan kika rasa gani.

Maganar ciki ita ce mafi nauyi, kuma a nan likitanki ya yi daidai da ya faɗa miki tun da wuri. Wannan sinadarin na VEGF da ake ɗaurewa a ido, shi ne jiki ke amfani da shi wajen gina mabiyiya da jijiyoyin ɗan tayi, ɗan kaɗan daga maganin kuma yana fita daga ido ya shiga jini, shi ya sa ake guje masa ga mai ciki, musamman a watanni ukun farko. Saboda haka matakin farko shi ne gwajin ciki kafin allura, tun da kuna nema ne. Idan ya nuna akwai, kada ki yanke komai ke kaɗai, sai likitan ido da likitan mata sun zauna a kan lamarinki sun auna. Idan babu, takardun Lucentis da Eylea duka suna cewa a jira aƙalla wata 3 bayan allurar ƙarshe kafin a ɗauki ciki. Ki haɗa wannan da abin da na faɗa na ƙarancin allurar da ake buƙata, za ki ga cewa ga mata da yawa jinkirin watanni ne, ba shekaru ba, kodayake babu wanda zai iya ba ki rana tun yanzu. A shekara 33 wannan jinkirin abin ɗauka ne, kuma za ku iya amfani da shi wajen ganin likitan mata a bincika dalilin ɓarin bara da na jinkirin haihuwar, ku biyun, domin gwajin ba na mace kaɗai ba ne. Ki nemi a ba ki hanyar tazara da ake iya dainawa cikin sauƙi, ki kuma gaya wa ma'aikaciyar cewa kina son ciki nan da 'yan watanni, domin allurar tazara ta wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa bayan an daina ta.

A nan maganar kuɗi da maganar ciki suka haɗu, kuma ya kamata ku sani kafin ku zaɓa. Maganin da ya fi araha, wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe irin namu, shi ne Avastin. Asalinsa maganin ciwon daji ne da ake rarraba kwalba ɗaya zuwa allurai da yawa, yana aiki sosai a ido, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna don amfanin ido tun 2013. Sai dai ya fi Lucentis daɗewa a cikin jini nesa ba kusa ba, shi makonni, wancan sa'o'i, saboda haka ga macen da ke neman haihuwa likita zai iya fifita Lucentis ko ɗaya daga cikin makamantansa masu rahusa da wasu kamfanoni ke yi, ko kuma ya ce a ƙara tsawon jira idan Avastin aka yi. Ki tambaye shi kai tsaye: wanne zai yi miki, nawa ne kowanne, wata nawa za ki jira bayan kowanne, kuma nawa ne hoton da za a riƙa ɗauka. Idan mai arahar ne kaɗai ƙarfinku ya kai, a yi shi yanzu ya fi a jira tara kuɗin mai tsada. Sharaɗi ɗaya ne ban yarda a sassauta ba: maganin ya fito daga hannun asibitin da zai yi allurar, kada ku sayo shi a kasuwa ko a kemis don neman sauƙi, domin yana buƙatar sanyi da rarrabawa cikin tsafta, jabu kuma suna yawo. Tun da ma'aikaciya ce ke, ki bincika ko inshorar lafiyarki tana ɗaukar wani ɓangare, ki tuntuɓi asusun taimakon juna na malamai idan kuna da shi, ko ki roƙi a ba ki kwasar adashi ta gaba. Ku yi tanadin kuɗin allura biyu ko uku da na hotuna, don kada a fara a tsaya a tsakiya.

Da maigida kuwa, ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da nuna masa cewa ke ma kina son haihuwar kamar yadda yake so, sannan ki roƙe shi ya raka ki ya ji daga bakin likita. Ki sa ya rufe idonsa ɗaya, ya ɗora ɗan yatsa a tsakiyar gilashin tabarau ya gwada karanta saƙo a waya, zai gane abin da kike gani fiye da duk bayanin da za ki yi. Surutun dangi kuma shi ya kamata ya tare miki, kuma jimla ɗaya ta isa, cewa kina jinyar ido likita ya ce a dakata na 'yan watanni. Idan hankalinku bai kwanta ba kuna son jin ta bakin likita na biyu, wannan haƙƙinku ne, Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna kusa da ku, ga kuma asibitin koyarwa a Shika. Ku tafi da hotunan da aka riga aka ɗauka, ku nemi ganin likitan ratina, amma a yi hakan cikin kwanaki. Tambaya ɗaya da ta dace a yi ita ce ko an tabbatar jijiya ce ta tsiro, domin a irin idonki wani lokaci tsagar bangon kaɗai ce ke zubar da ɗan jini wanda ke washewa da kansa, kuma hoton OCT ko wanda ake ɗauka bayan an sa rini a jijiyar hannu shi ke raba su.

Ba zan ɓoye miki ba, allurar tana busar da jijiya ne, ba ta rage tsawon ido, don haka ciwon yana iya dawowa bayan watanni ko shekaru, wataƙila kuma ɗan lanƙwasar ba za ta tafi gaba ɗaya ba. Abin da zai kare ki shi ne saurin ganewa. Ki karɓi takardar gwaji mai layuka da ɗigo a tsakiya a asibiti, ko ki yage shafi daga littafin lissafi mai gidaje ki ɗiga baƙi a tsakiyarsa, ki manna a bango inda kike kwalliya. Sau biyu ko uku a mako, da tabaraunki a fuska, ki rufe ido ɗaya ki kalli ɗigon, sannan ki sauya, musamman don idon hagu. Sabuwar lanƙwasa ko sabon duhu na nufin asibiti cikin kwana biyu ko uku. Walƙiya a gefen gani, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana farat ɗaya, ko inuwa kamar an saki labule, alamun yagewar ratina ne, wanda masu dogon ido suka fi kowa haɗarinsa, kuma wannan na ranar ne. Ki kuma sa a riƙa auna miki hawan jinin ido aƙalla sau ɗaya a shekara. 'Yarku ma a kai ta gwajin ido tun yanzu, domin rashin ganin nesa yana bin jini, a kuma bar ta ta riƙa wasa a waje kamar sa'a biyu a rana, abin da bincike ya nuna yana rage yiwuwar kamuwa da shi.

Ranar allurar ki je da ɗan rakiya, ki bar kwalli a gida na wasu kwanaki, ki kuma tambayi likita yaushe ruwa zai iya taɓa idon domin ki san yadda za ki yi da alwala da wanka. Allah Ya sa a dace, Ya ba ku zuriya mai albarka. Ki rubuto mini bayan dubawar wata na farko in ji abin da hoton ya nuna, da kuma yadda kuka ƙare da Hajiya.